Koren Fenti a Bangon Jira

A layin da ke bayan tsohuwar tashar mota akwai wani mutum da sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, yaro da babba Na-taɓa-yi suke kiransa. Kada ka ce an zalunce shi, da bakinsa ya saye sunan. In ana hirar tuƙin jirgin sama, ya taɓa yi. In ana maganar cire haƙori, ya taɓa yi, har mai haƙorin ya dawo ya roƙe shi ya ƙara cire masa wani. Ranar da matar Tela ta haihu ma sai da ya buɗe baki, Allah ya taimake shi Mai aski ya taka masa ƙafa.

Abu guda da yake faɗa wanda ba ƙarya a ciki shi ne jikan Wakili ne. Wakili kuwa shi ne mutum na farko da mutanen yankin suka zaɓa ya je majalisa ya yi magana da bakinsu, kuma gidansa na nan tsaye a bakin layi, tsohon bene mai baranda da tagogin katako. A ɗakin baƙi na ƙasa akwai wani dogon benci a jikin bango. Nan masu neman famfo, da masu neman makaranta, da iyayen da aka kama musu 'ya'ya suke zama su jira shi. Mai jira kuwa dole ya jingina. Shekara da shekaru man gashi da gumi suna shiga bangon nan, har ƙeyoyin mutane suka bar tabo baƙi-baƙi a jere, ɗaya kusa da ɗaya. Shi ake ce wa bangon jira.

Yanzu Goggo ce kaɗai a gidan, autar Wakili, ƙanwar uban Na-taɓa-yi. A ɗakin baya aka haife ta, kuma ta sha faɗa cewa ta ƙofar nan za a fitar da gawarta. Sai ga masu faɗaɗa hanya sun zo sun shafa jan fenti a jikin katanga. Mafita ɗaya ce ta rage: kwamitin gidajen tarihi zai zo ya duba, in ya karɓi gidan hanya ta kauce, in bai karɓa ba katafila ta shigo.

Ana wata ga wata, lokacin da likita ya sa wa Goggo na aikin ido ya faɗo daidai kafin zuwan kwamitin. Da za ta tafi wajen 'yarta jinya, ta kira Na-taɓa-yi ta ɗaga makulli, amma ba ta sakar masa ba tukuna.

"Shara kawai. Ka ji ni?"

"Na ji, Goggo."

"Ka kaɗe yanar gizo, ka buɗe tagogi iska ta shiga. Maimaita."

"Haba Goggo, ni fa har gidan jakada na taɓa gyarawa."

"Shi ya sa na ce ka maimaita."

Motarta ba ta gama shan kwana ba ya shiga ɗakin baƙi ya riƙe ƙugu. Kunya ta kama shi. Manyan mutane masu digiri za su zo gidan kakansa su tarar da bango kamar bayan tukunya? Ya riga ya hango kansa a cikin kwat, an naɗa shi mai kula da gidan tarihi, 'yan makaranta suna zuwa a jere yana nuna musu abubuwa da sanda.

Ya ɗebo ruwa da soso ya fara goge tabon farko. Ya goga, ya goga, tabo ya ce bai san zancen ba. Kafin shayinsa ya huce kafaɗa ta fara ciwo, ya jefar da soson ya ce ai abin da fenti zai rufe ba sai an wahala a kansa ba. Ya samo ragowar koren fentin da aka shafa wa wani gareji, ya ga ya yi kauri, ya tsiyaya masa man girki don ya yi laushi ya kuma yi ƙyalli. Ya kulle ƙofa ya shafe bangon tas. Bencin kuwa, da yake ƙafarsa ɗaya tana rawa, ya ja shi waje ya ba Mai shayi kyauta.

Da yamma ya zauna a kan bencin nan a teburin Mai shayi, ya miƙe hannuwa don kowa ya ga fenti.

"Na kankare bangon kafin in shafa fenti," ya ce. "Da wani ruwan magani na kamfani, wanda in ya ɗiga a ƙarfe sai ya huda. Sai da na ga bulo da idona. Ko ƙwayar datti ban bari ba."

"Goggo ta sani?" in ji Tela.

"Ana gaya wa mara lafiya za a yi masa allura ne? Sai dai ya ji sauƙi ya yi godiya."

A gida matarsa ta dubi rigarsa ta dubi fuskarsa. "Baban yara, shara aka ce."

"Ke me kika sani a harkar gine-gine?"

"Ban san komai ba. Amma na san Goggo."

Kwanci tashi, zuwan kwamiti ya matso. Wata safiya yana zaune a shagon Mai aski, an gama masa rabin gemu, sai rediyo ya sako hira da shugabar kwamitin, wata mata da ake kira Dakta. Ta ce gidaje masu bene sun cika gari, ba su ne abin nema ba. Abin da ya sa gidan Wakili ya fita daban shi ne bangon jira, domin babu wani wuri da talakawa suka bar shaidar zamansu da jikinsu kamar nan. Ta ce ta ƙagu ta gan shi da idonta.

Mai aski ya ɗaga reza ya tsaya cak.

"Wane bango ta ce?" in ji Na-taɓa-yi.

"Wanda ka ga bulonsa da idonka."

Ya sulale a kan kujerar aski. Amma mai cika baki ba ya daɗewa a ƙasa. Kafin a goge masa kumfa ya miƙe, rabin gemu a fuska, ya ce a kira masa mazan layi.

Suka taru a ɗakin baƙi: Mai aski, Tela, Mai shayi, da wani dogon direba da ya yi ritaya, da wasu mutum kaɗan da suka biyo hayaniya. Kore ya haske musu ido.

"Jama'a, me ya yi tabon nan tun farko?" ya tambaye su. "Ƙeya. Mu ba mu da ƙeya ne? Abin da kakanninmu suka yi a shekaru da yawa saboda rashin ilimi, mu za mu yi shi kafin azahar."

"Ni kaina ba buroshi ba ne," in ji Direba.

"To shi ke nan. In katafila ta zo, ta gidan nan za ta fara, ta bi ta shagon aski, ta taka teburin shayi, ta ƙarasa da inda kake shimfiɗa tabarmarka. Kuma ni na yi niyyar sa sunan kowa a allon ƙarfe a bakin ƙofa, amma tunda ba ka so..."

"Da manyan baƙaƙe?"

"Da ruwan zinare."

Ya kawo man gashi gwangwani guda, ya haɗa da baƙin man mota don launi ya fito. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lafta musu a ƙeya. Tunda benci ya tafi, ya jera su a tsaye, baya ga bango.

"Ku jingina! Ku murza! Hagu, dama! Tela, ka sa damuwa a ciki, ka ɗauka ɗanka aka kama!"

Suka yi ta murzawa kamar awaki a jikin katanga. Matan layi suka cika taga, wata tana dariya har da riƙe ciki. Na-taɓa-yi yana kai da kawowa hannu a baya, yana gyara wa wannan wuya, yana danna wa wancan goshi.

"Ya isa. Ku matso in gani."

Babu wanda ya matso.

"Na ce ku matso."

"Ka zo ka matso da mu," in ji Mai shayi. "Bangon ya riƙe ni."

Ashe fentin da aka sa wa man girki ba ya bushewa, samansa ne kawai ya yi fata, cikinsa kuwa danƙo ne. Masu gajeren gashi suka fizge da ƙyar, kowa da ƙara kamar ana cire filasta. Direba kuwa, da yake shi yana ji da sumarsa, ya manne gam. Sai da Mai aski ya aika aka ɗauko almakashi ya yanke shi daga bango, aka bar tulin gashi can sama yana lilo.

"Sumar da na yi shekaru ina tarawa!" Direba yana ihu.

"Ta shiga tarihi," in ji Na-taɓa-yi. "Wasu nema suke ba su samu ba."

Suka wanke da sabulu, kore na nan. Suka wanke da kalanzir, kore na nan, ga raɗaɗi ya ƙaru. Mai aski ya bi su duk ya yi musu ƙwal, sai koren ya fito fili sosai, don ya riga ya kama fata. Da aka zo kansa ya ce shi a bar shi haka, Tela ya ce lallai wanzami ba ya son jarfa, suka danne shi suka aske. Daga ranar duk namijin da ka gani a layin nan da hula ko tawul har wuya, ba sanyi yake ji ba.

Na-taɓa-yi ya koma ya duba aikinsa. Tabo dai ya samu, amma sabo fil yake ƙyalli. Ya ce abin da ya rage tsufa ne, tsufa kuma hayaƙi ne. Ya tara tsummoki da guntun tsohuwar taya a kwanon ƙarfe, ya cinna wuta a tsakiyar ɗaki, ya rufe ƙofa, ya tsaya yana fifita hayaƙin wajen bango da murfin kwali. Mai wanki, maƙwabciyar Goggo, tana shanya ta hango baƙin hayaƙi na tuttuɗowa ta taga.

"Gobara! Gidan Wakili!"

Ba ta tsaya tambaya ba, ta ɗauki bahon ruwan wanki ta watsa ta tagar, ya same shi a fuska. Kafin ya ce "ni ne" baho na biyu ya iso, sai na uku, layi gaba ɗaya ya fito da bokitai. Ya fito da rarrafe yana tari, kumfa a kunne, safar wani a kafaɗa.

"Wa ya ce ku kashe? Aiki nake yi!"

"Ka ƙara yin irinsa," in ji Mai wanki, "in kira maka 'yan kwana-kwana su wanke ka da babban tiyo."

Ranar zuwan kwamiti ya sa kwat ɗin aurensa, wanda maɓallinsa ya daina haɗuwa tun haihuwar ɗansu na biyu. Ya aro wata ƙatuwar fanka mai tsayuwa daga wurin masu haya ya ajiye a kusurwa. Layi ya cika, har mutanen wasu layukan sun zo. Mazan nan suka tsaya gefe guda a ɗakin baƙi a jere, kowa ya ja hula har ƙeya, suna ta sunkuyar da kai kamar masu ladabi.

Dakta ta sauko daga mota da mutum biyu da mai ɗaukar hoto. Mace ce marar yawan magana, da tabarau a rataye a wuya. Ta shiga ɗakin baƙi, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallon bangon. Tabon ya hau ya sauka kamar haƙoran zarto, na Tela can ƙasa, na Direba kusa da silin.

"Da ma kore ne?" ta ce.

"Tun fil azal, ranki ya daɗe. Wakili mutum ne mai son shuke-shuke." Ya nuna tabon ƙasa da sanda. "Wannan ƙeyar wani babban alƙali ce. Wannan ta wani ɗan kasuwa ce da ya zo daga ƙetare. Kin ga faɗinta? Arziki ke nan."

"Wancan gashin fa?"

"Na wani jarumi ne. Ya yi jira har sumarsa ta kama bango."

Direba ya yi wani gurnani daga baya, Mai shayi ya zungure shi.

Dakta ta miƙa yatsa ta taɓa tabo ɗaya. Ta janye, ta duba yatsan, ta shinshina. "Kamar ina jin warin taya."

"Iskar tarihi ce, ranki ya daɗe, ta daɗe a kulle. Bari in kore miki ita."

Ya ruga ya murɗa fankar nan har ƙarshe. Ta yi wata ƙara ta juya kai ta fuskanci mazan layi. Hular Tela ce ta fara tashi. Ta Mai shayi ta bi ta. Tawul ɗin Direba ya tashi ya rufe fuskar mai ɗaukar hoto. Duk suka juya a tare suna bin hulunansu, suka ba Dakta baya, sai ga ƙeyoyi a jere, ƙwal-ƙwal, kowace da koren tambari kamar an buga musu hatimi.

Dariya ta fashe tun daga taga har bakin titi. Wata mata ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Dakta ta dubi ƙeyar Tela, ta dubi tabon ƙasa, ta ce, "Ashe babban alƙalin yana raye."

"Ɗinki nake yi, ranki ya daɗe," in ji Tela. "Na-taɓa-yi ne ya sa mu."

Ana cikin haka mutanen bakin ƙofa suka dare. Goggo ce, 'yarta tana riƙe da hannunta, an cire mata bandeji, ido ya buɗe tangararau. Dariya ta mutu. Ta shigo a hankali ta tsaya a tsakiyar ɗakin da ta yi rarrafe a cikinsa. Ta dubi inda benci yake a da. Ta ɗaga kai ta bi tabon nan ɗaya bayan ɗaya.

Na-taɓa-yi ya so ta yi faɗa, ya so ta ɗauki takalmi. Ba ta yi ba.

"A tsaye kuka yi," ta ce.

"Goggo, ai bencin..."

"Babana bai taɓa barin mai jira a tsaye ba. Ko ɓarawo ne ya zo, sai ya zauna tukuna a ji ta bakinsa. Yau ka nuna wa baƙi cewa a gidan nan talaka a tsaye yake jira." Ta juyo ta dube shi. "Da na san abin da zan gani ke nan, da na ce wa likita ya bar mini idona yadda yake."

Wannan ta fi mari zafi. Ya ji kwat ɗin ta yi masa nauyi, ya rasa inda zai sa sandar hannunsa.

Dakta ta cire tabarau. "Malam, tambaya ɗaya zan yi, kuma a kanta komai ya rataya. Kafin ka shafa fentin nan, ka kankare bangon? In ka kankare, babu abin da ya rage da za mu karɓa, sai dai in ba Mama haƙuri. In kuwa a kai ka shafa, fenti ba ya kama maiƙo, masu aikinmu za su iya ɗaga shi."

"Ai ya kankare," in ji Mai shayi cikin jimami. "A teburina ya faɗa."

"Da ruwan maganin da ke huda ƙarfe," in ji Tela.

"Sai da ya ga bulo da idonsa," in ji Mai aski.

Duk ido ya dawo kansa. Tunda aka haife shi bai taɓa janye magana ba, in an kama shi a ƙarya ƙara mata bene yake yi. Ya buɗe baki, tsohuwar al'ada ta taso har maƙogwaro. Sai ya ga Goggo ta zuba masa ido tana jiran amsarsa.

"Ban kankare ba."

"Ɗaga murya, Baban yara," in ji matarsa daga taga. "Na baya ba su ji ba."

"Na ce ban kankare ba! Soso na sa, kafaɗata ta yi ciwo, na bari. Babu wani ruwan magani. Ko sunansa ban sani ba."

"Alhamdu lillahi," in ji matar. "Yau dai ƙiwuyarka ta yi rana."

Dakta ta karɓi reza daga hannun Mai aski, ta durƙusa, ta auna daidai inda kan mutum zai kai in yana zaune. Ta ɗan tsaga koren ta kama bakinsa ta ja. Ya taso kamar ɓawon ayaba. A ƙarƙashi ga tabo nan baƙi, zagayayye, lafiyarsa ƙalau, da rabin na kusa da shi yana leƙowa. Goggo ta sunkuya ta ɗora tafin hannunta a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Mai shayi bai jira an ce masa komai ba, ya fita shi da Direba suka dawo ɗauke da benci.

Kwamiti ya karɓi gida, hanya ta kauce. Sai dai an ce za a rufe shi wata da watanni masu gyaran gaske su yi aikinsu, kuma Dakta ta roƙi alfarma ɗaya, kada jikan Wakili ya kusanci wurin ko da tsintsiya. Goggo kuwa ta ce ba za ta koma wajen 'yarta ba, nesa ya yi da gidan ubanta. Ta sa aka kwashe kayanta zuwa gidan Na-taɓa-yi, ta zaɓi ɗakinsa mai taga biyu, shi ya koma kujerar falo. Ta yi kwanaki ba ta ce masa ko sannu ba.

Kullum da safe sai ya je ƙofar ɗakin ya yi sallama, a yi shiru, ya gaji ya tafi. Ran nan ya ce ba zai tafi ba. Ya tsaya, ya sauya ƙafa, ya sake sauyawa, har rana ta hau. Can sai ya ji muryarta daga ciki tana kiran matarsa.

"Wane ne a ƙofar nan tun ɗazu?"

"Ɗanki ne, Goggo. Haƙuri ya zo bayarwa."



"Ba shi kujera ya zauna. Mu ba ma barin mai jira a tsaye."

Matar ta kawo kujera. Ya zauna, idonsa ya ciko, ya saki ajiyar zuciya, ya fara kai bayansa baya a hankali.

"Amma ki ja ta gaba," in ji Goggo. "Kada ya jingina da bango."